Yadda A Ke Jin Lafiyar Bindiga Mai Baki Biyu Da Kunne

A ƙarshen watan Yuni na shekarar 1830 waɗansu Turawa biyu, wa da ƙane, Richard Lander da John Lander, suka iso Birnin Yauri. Abin da ya fito da su daga Ingila shi ne su bi Kwara su ga inda ta ke faɗawa, amma abin da ya sa suka ratso ta Yauri neman takardun Mungo Park ne, wanda ya wuce ta nan cikin jirgi a farkon 1806, zamanin Sarkin Yauri Albishir ɗan A'i, ya je ya halaka a duwatsun Busa. Sun zauna wajen mako biyar suna jira, takardun dai ba su samu ba. Abin da suka samu bindiga ce. A hannun wani tsohon Balarabe, babba a fadar Sarki, suka ga takobi da wata bindiga mai baki biyu, aka ce musu daga hannun Park suka fito. Richard ya ba da tasa bindigar ta harbin tsuntsaye, aka yi musanya. Ba ta ko daɗe a wurinsa ba, gama cikin watan Nuwamba aka far musu a kasuwar Kiri, wajen Asaba, aka washe kayansu har da ita.

To, 'yan'uwa, ga tambayar da ta sa muka ɗauko wannan labari. Mutumin da aka miƙa wa bindigar da ta shekara 24 a ƙasar bakin kogi, ta sha damina ta sha hunturu, da wace dabara zai san ko lafiyayyiya ce kafin ya kara ta a kafaɗarsa? Tambayar ba ta mutu tare da Lander ba. Har yanzu a ƙasar Yauri da Ngaski da Shanga akwai tsofaffin bindigogi masu baki biyu a gidaje, uba ya mutu ya bar wa ɗa, ana tsaron gonar shinkafa da su, ana neman zabi da fakara da dinya. Da yawa daga cikinmu kuwa ƙauye za mu in mun gama, kuma kun san yadda a ke ɗaukar malamin makaranta a ƙauye: a kawo masa wasiƙa ya karanta, a kawo masa kwalbar magani, wata rana a kawo masa bindiga a ce ya duba rubutun da ke jikinta. Gara ya san abin da zai faɗa, ya kuma san inda saninsa ya tsaya.

Sai mu fara da ƙirar abin. Bindiga mai baki biyu ba ƙarfe ɗaya ba ne da aka huda sau biyu. Bututu biyu ne, ko wanne an ƙera shi daban, sa'an nan aka kwantar da su gefe da gefe. Ba a miƙe sak su ke ba, an ɗan karkato da bakunansu wajen juna, domin harbin na dama da na hagu su haɗu wuri ɗaya a nisan yadi 40 ko kusa da haka. Kwarin da ya rage tsakaninsu a kan rufe shi da sirirai ƙarfuna biyu, ɗaya a sama, shi ne ido ke bi in za a auna, ɗaya a ƙasa. Su za mu kira ƙarfen tsakani. Abin da ke riƙe da su a jikin bututun, a yawancin tsofaffin bindigogi, liƙi ne na kuza da dalma, irin wanda maƙeran farfaru suka sani. Wannan liƙi yana narkewa a zafin digiri 183 ko sama kaɗan, alhali baƙin ƙarfe sai ya wuce digiri 1,400. Da gangan aka zaɓe shi mai taushi, gama bututun bindiga ba shi da kauri, in aka ba shi wuta mai yawa sai ya tanƙware. Ta Park mai ƙanƙara ce, ta baki a ke ɗura mata albarushi, na yanzu kuwa karya su a ke yi a sa harsashi ta baya, amma wannan haɗi na bututu biyu bai sake ba ƙwarai tun daga wancan zamani.

Nan fa raunin ya ke. Ƙarƙashin ƙarfen tsakani akwai wani dogon kogo wanda ido ba ya gani, tsumma ba ya shiga, mai ba ya kaiwa. Muddin liƙin yana nan ɗaram, kogon a rufe ya ke. Ran da ya ɗan buɗe, ko da faɗin gashi ne, ruwa ya sami ƙofa, ya shiga ba ya fita, tsatsa ta kama cin bututun daga waje zuwa ciki. Mai bindiga yana ta goge cikinta yana ganin ƙyalli, bai san gara na cin ginin ta baya ba.

Ƙasarmu kuwa kamar an yi ta ne don ta gwada wannan liƙi. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Park, aka ta da mutane wajen 44,000 aka sake musu matsuguni, tabki ya shimfiɗu fiye da mil 80 har ya kawo Yelwa. Mutumin gungu ko na bakin tabki bindigarsa a cikin jirgi ta ke tafiya, kwance a ƙasan kwalekwale inda ruwa ke taruwa, ta fito ta sha rana har ba ta taɓuwa, da dare raɓa ta sauko mata. Damina ta cika ta da laima, hunturu ya zo ya busar da ƙotar har ta saki. Ga kuma jijjigar harbi shekara da shekaru. Ba abin mamaki ba ne in liƙi ya gaji.

Yadda a ke gwajin ba wuya. Da fari a karya bindigar a leƙa a tabbata ba harsashi a ciki, ko da mai ita ya rantse babu. Sa'an nan a cire itacen gaba, a zare bututun daga uwar bindigar. A ƙarƙashin gindinsu akwai wata ƙugiya, wadda da ita su ke maƙale a jikin uwar. A rataya ƙugiyar nan a yatsa ɗaya ko a zare mai ƙarfi, bakin yana duban ƙasa, kada kome ya taɓa su, ko hannun riga. Sai a ƙwanƙwasa a hankali da bayan farce, ko da fensir, ko da ƙotar wuƙa ta itace. Kada a sa ƙarfe, domin bugun ƙarfe yana iya loɓa bututu. A fara daga gindi a gangaro zuwa baki, taƙi-taƙi, a yi wa na dama, a yi wa na hagu, a kuma bi ƙarfen tsakani na sama da na ƙasa.

In liƙin lafiya ya ke, sai ka ji amo siriri mai tsawo kamar na ƙararrawar makaranta in an jiyo ta daga nesa, yana raguwa sannu sannu har ya ɓace. In ya saki da yawa, sai ka ji kamar an bugi ɗanyen ice, ƙara ɗaya gajeriya, shi ke nan. Akwai kuma na uku, wanda ya fi wuyar kamawa, watau amon ya tashi sosai amma da wata 'yar ziza a bayansa, kamar ƙuda ya shiga gwangwani. Wannan alama ce liƙin ya fara buɗewa a wuri ɗaya, kuma in ka bi da haƙuri kana ƙwanƙwasawa za ka iske inda zizar ta fi ƙarfi. Amma kafin a yanke hukunci a lura da abu biyu. Ɗan ƙarfen da ke turo kwanson harsashi yana da wasa a mazauninsa, shi ma ya kan yi ziza, sai a danne shi da babban yatsa a sake bugawa. Haka kuma zoben da a ke ɗaura maratayi. Sau da yawa an ɓata sunan bindiga mai kyau sabo da zobe.

Dalilin wannan duka yana cikin darasin da mu ke koya wa yara a aji. Ƙarfe in an buge shi rawa ya ke yi, rawar da ido ba ya gani, ita ce ke kaɗa iska har ta iso kunne. Sauti yana gudu cikin baƙin ƙarfe wajen mita 5,000 a daƙiƙa ɗaya, a iska kuwa 340 kaɗai, sabo da haka bugu ɗaya ya kan kai ƙarshen bututu ya komo sau da yawa kafin ka ƙifta ido. In ƙarfunan nan huɗu a haɗe su ke kamar jiki ɗaya, rawar ba ta da inda za ta zube, sai ta daɗe. In akwai tsaga, gefunan nan biyu sai su riƙa gugar juna, gugar ta cinye ƙarfin rawar nan da nan. In kuwa sun ɗan rabu har suna karo, karon shi ne ziza.

Ba Turawa ne suka koya mana wannan ba. Je ka kasuwar Yelwa ka tsaya wurin masu tukwane, ba macen da za ta biya kuɗin tukunya ba ta ƙwanƙwasa ta da yatsa ta kasa kunne ba. Kakanninmu haka su ke yi wa sule. Sulallan da aka fara bugo wa Afirka ta Yamma a 1913 na azurfa ne, kafin a sake su a 1920, kuma ɗan kasuwa ya kan jefa sule a kan dutse ya ji amonsa, gama na jabu dalma ta yi masa yawa, ba ya kuka. A tashoshin jirgin ƙasa na Ingila ma a da can akwai ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan, su bi jirgi da doguwar guduma suna bugun ƙafafunsa suna saurare. Ilmin ɗaya ne.

Akwai sauran abin da kunne ke ji ban da amo. In aka mai da bututun a jikin uwar, ba tare da itacen gaba ba, aka riƙe ƙota aka girgiza, bai kamata a ji kome ba. In ka ji ƙwal-ƙwal, mahaɗin ya ci, bututun ba ya zama daidai a fuskar uwar. Bindiga mai kyau kuma in an rufe ta ƙara ɗaya ta ke yi, a taƙaice, kamar an rufe akwatin ƙarfe mai kyau.

Yanzu fa mun zo inda mu ke so ku ba mu hankalinku. Wannan gwaji yana da daɗin yi, yana kuma sa mai yinsa ya ga kamar ya zama gwani, sabo da haka mutane su kan ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Amo abu ɗaya tak ya ke shaida: ƙarfunan a haɗe su ke. Bai ce bututun yana da kauri ba. Bai ce ba rami a ciki ba. Ƙararrawa ai ba ta da kauri, ga ta kuwa da murya.

Ku duba lissafin. Yawancin bindigogin nan masu lamba 12 ne, watau in aka raba dalma mai nauyin laba ɗaya aka yi dunƙule 12 daidai da juna, ɗaya zai cika bakin. Faɗin ramin wajen milimita 18 da rabi ke nan. Kaurin bangon kuwa, can wajen tsakiya inda ya fi siranta, bai kai milimita ɗaya ba tun tana sabuwa, kuma maƙeran Ingila ba su kan yarda da wanda ya gaza rabin milimita ba, kaurin takarda biyar ke nan na littafin rubutu. To, in tsatsa ta yi wa cikin bututu zanzana, mai son ya sayar ya kan sa a kankare cikin har ya yi santsi. Kankara ɗaya, biyu, uku, bango ya koma kamar gwangwanin madara. Ka rataya wannan ka buga, sai ya yi maka kuka mai daɗi ƙwarai. Wurin nan da ya sirance kuwa, kusa da shi mai harbi ke ɗora hannunsa na hagu.

Mun ga wannan da idonmu wani hutu, a wani ƙauye na bakin tabki cikin ƙasar Ngaski. Wani saurayi ya kawo wa wani tsohon maƙeri bindigar da ya gada, yana so a duba masa kafin shinkafa ta nuna. Tsohon ya zare bututun, ya rataya a zare, ya buga da ƙotar kurfi. Amon ya tashi har mu da ke bakin rumfa muka ji. Saurayin ya yi murmushi ya miƙa hannu zai karɓa.

Tsohon ya ce, "Dakata, ɗana. Ta gaishe mu dai, ba ta gaya mana kwananta ba tukuna."

Ya ɗaga bututun ya leƙa ta gindi yana duban sama, yana juyawa a hankali. Sa'an nan ya rufe idonsa ya bi bayan na hagu da yatsa. Ya kama hannun saurayin ya ɗora a wurin, ya ce, "Me ka ji?"

Ya ce, "Kamar ɗan tudu, Baba."

Ya ce, "A ina mahaifinka ya ke ajiye ta?"

Ya ce, "A rataye a zaure."

Tsohon ya ce, "Zanzaro ya yi gini a ciki, aka harba ba a leƙa ba. Allah ya kiyaye shi ran nan."

Abin da ya faru shi ne, in harsashi ya taho ya iske an tare hanya, ko da ginin zanzaro, ko da taɓon bakin ruwa da ya toshe baki sa'ad da a ke fita daga jirgi, iskar da ke bayansa sai ta taru wuri ɗaya ta tura bango waje. In an yi sa'a bututun ya kumbura kewaye kamar zobe, in ba a yi ba ya tsage. Kumburin nan ƙarfe ne da ya riga ya miƙe ya raunana, amma da ya ke bai rabu ba, amo bai san da shi ba. Ta ciki a kan gan shi kamar baƙin zobe cikin haske. Loɓawa ma haka, inuwa ta ke yi.

Akwai kuma bindigogin da a ke kira na Dimashƙa, ko da ya ke a Ingila da Beljiyam aka ƙera yawancinsu cikin ƙarni na 19. Za ka gane su da zane kamar na igiyar ruwa a jikin bututun. Tsinkayen ƙarfe iri biyu aka murɗa, aka naɗe su a jikin sanda, aka yi ta bugu a wuta har suka haɗe. Aiki ne na gwaninta, amma ko wane layi na zanen nan mahaɗi ne, tsatsa kuwa ta kan bi mahaɗi. Amonsu ya kan fi na sauran kauri ko suna lafiya, sai wanda ya saba ya ke rarrabewa. Yawancinsu kuma don baƙin albarushi aka yi su, ba don na harsashin yanzu marar hayaƙi ba. A ɗaya gefen, waɗansu masana'antu na baya-bayan nan da liƙin tagulla ko na azurfa su ke haɗa bututunsu, wanda da ƙyar ya ke saki, sai ka iske bindiga ta lalace ta ko'ina amma tana ta kuka. Ke nan ko zancen da a kan yi, wai bindiga mai tsada ta fi zaƙin murya, ba abin dogara ba ne. Tsawon bututu da kaurinsa da irin liƙinsa su ke sauya murya, ba kuɗin da aka biya ba.

Sabo da irin wannan ne ƙasashen maƙera ba su bar al'amarin ga kunne ba. A Landan ƙungiyar maƙeran bindiga ta sami takardar sarki a 1637, a Liyej ta Beljiyam aka wajabta gwaji a 1672, a Bamingham aka kafa gidan gwaji a 1813. A can a kan ɗura wa ko wane bututu abin da ya fi ƙarfin harsashin yau da kullum, a harba a cikin ɗaki rufaffe, wanda ya tsira a buga masa hatimi a ƙarƙashin gindi, wurin da ba a gani sai an zare shi. Nan ne malamin makaranta ya ke da amfani. Haruffan ELG cikin da'ira mai kamar ƙwai na Liyej ne. BNP da kambi a sama na Bamingham ne, daga 1954, ma'anarsa an gwada da albarushi marar hayaƙi. A nan kuma sau da yawa a ke rubuta tsawon ɗakin harsashi. Tsofaffin bindigogin Ingila da yawa inci 2 da rabi ne, watau milimita 65, harsashin da ya fi yawa a yau kuwa milimita 70 ne. Dogon ya kan shiga gajeren ɗaki lafiya lau, gama a naɗe bakinsa ya ke, sai an harba ya buɗe ya rasa wuri. Amma ku tuna hatimin shaidar ran da aka buga shi ne. Bai san kankarar da aka yi bayansa ba.

In gwaji ya nuna liƙi ya saki, bindigar ba ta mutu ba tukuna, sai dai a ajiye harbi. Gyaran gaskiya shi ne a ɗaga ƙarfen tsakani gaba ɗaya, a ga abin da tsatsa ta yi a kogon, a auna bangon da ma'auni, in ya isa a share a sake liƙawa da kuza da dalma. Abu uku ne mu ke roƙo a guje musu. Kada a kai ta wurin mai walda, wutarsa ta fi ƙarfin bututun. Kada a ɗura gam a tsagar, gama zai kashe zizar ya rufe ruwan a ciki. Kada kuma a tsoma ta cikin tafasasshiyar soda da a ke baƙanta ƙarfe da ita, wadda zafinta ya kan kai digiri 140, domin sodar tana cin liƙin, bindiga ta fito baƙa wul kamar sabuwa, bayan 'yan watanni ƙarfen tsakani ya tashi. Dabarar nan ma ta ɗaure bindiga a gindin itace a ja kunama da dogon zare, ta nuna ba ta fashe yau ba ne kaɗai, wani lokaci ma ita ke ƙarasa raunana bangon. Ba sai mun tuna muku ba cewa dokar makamai ta 1959 ba ta yarda a riƙe irin wannan bindiga ba sai da lasin, kuma gandun dajin Kainji, da ɓangaren Borgu da na Zugurma, ba wurin farauta ba ne.

Tsohon maƙerin nan bai mai da wa saurayin bindigarsa a haɗe ba. Ya naɗe bututun a tsumma daban, uwar da ƙota daban, ya ce ya kai gida haka. Da za mu tashi muka tambaye shi sau nawa ya kamata mai bindiga ya riƙa bugun tasa, ya ce shi dai tasa ya kan buga ta sau biyu a shekara, ran da ruwan farko ya sauka da ran da aka ɗauke na ƙarshe, a wuri ɗaya, da ƙotar kurfi ɗaya, domin ya san muryarta ta bara.